Yadda mai tumbi, hawan jini da suga zai fara motsa jiki ba tare da fargaba ba

Yawancin mutanen da ake turo mana da takardar likita, an rubuta musu su riƙa motsa jiki, ba lalaci ne ya zaunar da su ba. Sun san amfaninsa, an faɗa musu a asibiti, sun sha ji a rediyo. Abin da ya riƙe su shi ne ba su yarda jikinsu zai ɗauka ba. Wani yana tsoron ya yanke jiki ya faɗi a bakin titi. Wata gwiwarta ce ke ƙara in ta miƙe daga tabarma. Wani kuma kunya ce zalla, yana ganin bai dace a ga dattijo da furfura yana zagaye unguwa da sassafe kamar wanda akuyarsa ta ɓata ba.

Na daɗe ina ɗora irin waɗannan mutane a kan hanya, kuma abin da na gani shi ne ƙarfin gwiwa ba ya riga aikin zuwa. Sai jiki ya yi abu ya ga lafiya lau ya dawo gida, sannan zuciya ke yarda. Wani masanin halayyar ɗan Adam a jami'ar Stanford ta Amurka, Albert Bandura, ya yi bayanin haka tun 1977. Ya ce yardar mutum cewa zai iya wani aiki daga wuri huɗu take fitowa: ya taɓa yi ya ci nasara, ya ga irinsa ya yi, wanda ya amince da shi ya ƙarfafa shi, sai kuma yadda yake fassara abin da jikinsa ke ji. Na farkon ya fi sauran ƙarfi. Shi ya sa tsarin nan ya fara daga abin da ba zai gagare ka ba, ko da bai wuce zuwa bakin layi da dawowa ba.

Wanda ake magana da shi a nan shi ne mai abin da likitoci ke kira metabolik sindirom, wato wanda abu uku cikin biyar ɗin nan suka haɗu masa: ƙugu mai faɗi, jini ya kai 130/85 ko yana shan maganinsa, sugan safe kafin karyawa ya kai 100, kitsen jini da ake kira tiragilisarayid ya kai 150, sai kolestarol mai amfani da takardar gwaji ke rubutawa HDL ya yi ƙasa da 40 ga namiji ko 50 ga mace. Haɗuwarsu ce ke kai mutum ga cikakken ciwon suga, ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki.

Kayan da za ka tanada

Takalmin kambas mai rufaffen gaba, wanda yatsu ke motsi a ciki. Na gwanjo a Ƙofar Wambai ya wadatar in ƙasansa bai cinye ba. Ka je saye da yamma, don ƙafa kan ɗan kumbura zuwa lokacin, kuma ka gwada shi da safa. Silifas da takalmi sau-ciki mai santsi ba na wannan aikin ba ne. In babu halin kambas yanzu, sandal mai maɗauri a dunduniya zai riƙe ka, amma ban da mai suga da ƙafarsa ta fara dundumi ko yake jin kamar ana tsira masa allura. Shi dole rufaffen takalmi da safar auduga.

Tef ɗin tela, don auna ƙugu. Kujerar roba ko ta katako wadda ba ta rawa. Robar ruwa biyu masu lita ɗaya da rabi, kowacce in ta cika nauyinta kilo ɗaya da rabi ne. Ƙaramin littafi da biro. Agogon hannu, ko ƙaramar waya mai maɓalli.

Na'urar auna jini da ta gwajin suga in da hali. In babu, kemis na unguwa da ke aunawa ya isa, ka dai riƙa zuwa wuri ɗaya kuma a lokaci ɗaya. Wasu na'urorin suga suna ba da lamba irin 5.6, wasu irin 100. Duk abu ɗaya ne, ka ninka ƙaramar sau 18 ka sami babbar.

Ƙwayar suga huɗu ko dabino uku a aljihu, ga duk mai shan maganin suga. Da takarda ƙarama mai ɗauke da sunanka, ciwonka, magungunanka da lambar wani na gida.

Tufafi kuwa, abin da kake da shi. Kaftani mara nauyi da wando, ko jallabiyar da ba ta jan ƙasa. Mutane da yawa sun fasa farawa don suna jiran su sayi kayan 'yan ƙwallo, alhali ba za su iya fita da su a unguwarsu ba ko sun saya.

Mataki na 1: Karɓi lambobinka, ka yi wa likita tambaya uku

Auna ƙugunka da safe kafin karyawa. Ɗaga riga, laluba ƙarshen haƙarƙarinka na ƙasa da saman ƙashin kwankwaso, ka zagaya tef a tsakaninsu, galibi daidai cibiya ko sama kaɗan. Saki numfashi yadda ka saba, kada ka shanye ciki. Ma'aunin ƙugu mai faɗi da ake amfani da shi a ƙasashenmu shi ne santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, wato kusan inci 37 da inci 31 da rabi a bayan tef ɗin. Lambar wandonka ba ita ce ƙugunka ba, domin mai tumbi a ƙasan ciki yake ɗaure wando. Rubuta wannan, da nauyinka, da awon jini, da sugan safe a shafin farko.

Sannan ka je wa likitan da ke duba ka da tambayoyin nan. Zuciyata za ta ɗauki tafiyar sauri? A cikin magungunana akwai mai faɗar da suga? Idona, ƙodata da ƙafata akwai abin da zan kiyaye? Wanda ya taɓa ciwon ƙirji, ko haki yana zaune, ko kumburin ƙafa, ko ya taɓa shanyewar jiki, kada ya tsallake wannan. Rabin tsoron mutane yana tafiya ne a ranar da likita ya dubi takardarsu ya ce, "Je ka yi, ba komai."

Game da magani: maganin suga na metformin shi kaɗai ba kasafai yake faɗar da suga ba. Allurar insulin da irin su glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil, su ne masu yi. Atenolol da propranolol, magungunan hawan jini da zuciya, suna hana zuciya saurin bugawa, don haka mai shan su kada ya dogara da ƙirga bugun zuciya. Masu sa fitsari kuma suna ƙarar da ruwan jiki, ga zafin Kano.

Mataki na 2: Rarrabe abin da jiki ya saba da abin haɗari

Nan ne na fi daɗewa da kowa, domin mutumin da ya shekara goma daga mota sai shago sai kujerar falo ya manta yadda jiki mai aiki ke ji. Da ya ji zuciyarsa na dukan ƙirji sai ya ce shi ke nan, ta zo. Ya koma gida, ba zai ƙara fita ba.

Waɗannan ba komai ba ne: zuciya ta ƙara sauri, numfashi ya ƙaru, gumi ya keto, jiki ya yi ɗumi, cinya da ƙwauri su yi nauyi. Tsamin jiki washegari ma haka, yakan fi tsanani a kwana na biyu, ya lafa da kansa cikin kwana uku zuwa huɗu. Jini yana ɗan hawa lokacin tafiya, amma bayan an gama yakan sauka ƙasa da inda yake, ya zauna haka sa'o'i da dama.

Waɗannan kuwa, da ka ji ɗaya ka tsaya: nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, musamman in yana tafiya hannun hagu, wuya ko muƙamuƙi, hakin da ya hana ka furta kalma, jiri ko duhun gani, zuciya na tsalle-tsalle ba tsari, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, ko hannu ɗaya ya saki. Zauna, kira mutum. In ciwon ƙirji bai tafi cikin 'yan mintuna ba, ko alamar shanyewa ce, a tari adaidaita sahu zuwa sashen gaggawa mafi kusa, ko asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Kada a tsaya neman lemo ko shafa man zafi.

Faɗuwar suga tana da nata salon: karkarwa, gumi mai sanyi, yunwa kwatsam, rikicewar tunani. A na'ura ƙasa da 70 ne. Sha ƙwayar sugan nan ko rabin kwalbar lemo mai zaƙi, jira minti 15, ka sake gwadawa. Mai insulin ko Daonil ya gwada kafin fita. In ƙasa da 100 ne ya ɗan ci wani abu tukuna. In ya haura 250 kuma ga ƙishirwa, kasala ko tashin zuciya, ranar ba fita. Haka jini in ya kai 180 a sama ko 110 a ƙasa: zauna minti biyar ka sake aunawa, in yana nan, asibiti za ka, ba titi ba.

Kwafi wannan a bayan littafinka da hannunka. Wanda ya san abin da zai yi in abu ya faru ya fi sakin jiki a hanya.

Mataki na 3: Gwajin ranar farko

Fita daga ƙofar gida da tafiyarka ta kullum, wani na biye da kai. Duba agogo. Ci gaba har lokacin da ka fara jin da ma ka zauna, ba sai ka galabaita ba. Duba agogo kuma, ka huta, ka dawo a hankali. In minti 12 ka yi, abin da za ka fara da shi minti 8 ne: huɗu zuwa, huɗu dawowa. In 6 ka yi, fara da 4. Babu lambar da ta yi kaɗan.

Kuskuren da ya fi kashe wa mutane gwiwa a nan yake. Mutum ya ji wa'azin likita ya tsorata, ranar Asabar ya tafi filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata ya bi sahun matasa, ko ya ce sai ya hau Dutsen Dala. Ya kwana uku ba ya iya ruku'u. Abin da jikinsa ya koya ranar shi ne motsa jiki azaba ce, kuma fitar da wannan daga ransa ya fi farawar wuya. Ka dawo gida kana jin da sauran ƙarfinka, haka ake so.

Mataki na 4: Ɗaura tafiyar a jikin sallah

Wanda ya ce zai yi "in ya samu lokaci" ba zai yi ba. Mu kuwa muna da lokuta biyar da ba sa motsi. Zaɓi ɗaya. Bayan Asuba ya fi wa yawancin mutane, gari da sanyi, titi ba hayaƙi, ka riga ka fito. Maimakon ka juyo gida daga masallaci, miƙe gaba. Wani kuma ya fi ganewa ya bar masallacin ƙofar gida ya tafi na layi na uku don La'asar ko Isha'i, zuwa da dawowa sun ba shi mintunansa, kuma ba mai tambayarsa ina za shi.

Ga mai suga, tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci tana da daraja ta musamman, domin tsoka na jan sugan da ya shiga jini a lokacin. In tuwon dare ne babban abincinka, ka taka bayansa kafin ka kishingiɗa.

Ɗan kasuwar da ke wuni a Kwari ko Singa yana iya sauka daga adaidaita tun kafin a iso, ya ƙarasa da ƙafa. In wuri ɗaya kake zaune tun safe, miƙe duk bayan rabin awa ko da zagaya shago ne. Kuma yaron shago ya huta da aiken da bai fi taku ɗari ba.

Kwana biyar a mako, kada ka bar fiye da kwana biyu a jere su wuce ba motsi. Dalili kuwa, sauƙin da tafiya ke sa wa jiki wajen karɓar suga ba ya wuce kwana ɗaya zuwa uku.

Mataki na 5: Auna zuciyarka kafin kowane mako

Daren Juma'a ko duk ranar da ka zaɓa, rubuta abin da za ka yi a mako mai zuwa dalla-dalla: "Minti 10, bayan Asuba, daga masallaci zuwa gidan mai, Asabar zuwa Laraba." Sai ka tambayi kanka tsakaninka da Allah, daga sifili zuwa 10, nawa na yarda zan cika wannan? In amsar ba ta kai 7 ba, rage. Rage mintuna ko kwanaki har ta kai. Duk ranar da ka yi, ja layi a littafi.

Wasu suna raina wannan, suna ganin wasan yara ne. Ni kuwa da a ce in zaɓi abu ɗaya cikin duk matakan nan, shi zan riƙe. Ranar da shaiɗan ya ce maka ba ka taɓa riƙe komai ba, shafi mai layi ashirin ne zai ba shi amsa.

Mataki na 6: Ƙara kaɗan-kaɗan

In ka cika mako ba wahala, ƙara minti biyu ko uku. Tsawon lokaci ake fara ƙarawa, sauri daga baya. Minti biyar na farko a hankali, na ƙarshe ma a hankali. Kada ka tsaya cak bayan sauri, jini kan taru a ƙafa jiri ya kwashe ka, musamman mai shan maganin hawan jini.

Ma'aunin sauri a bakinka yake. In kana iya hira amma ba za ka iya rera karatu ba, daidai kake. In kana jan baƙi ba tangarɗa, ƙara sauri. In kalma biyu ta gagare ka, sassauta.

Inda za a je shi ne abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a ƙa'idarta ta 2020: minti 150 zuwa 300 a mako na matsakaicin motsi, wato aƙalla rabin awa sau biyar. Yawanci cikin wata biyu zuwa uku ake kaiwa, wani ya fi haka, ba laifi. Ana iya raba ta goma-goma. Wani babban bincike a Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002 ya bi mutanen da ke bakin kamuwa da suga. Waɗanda aka ɗora kan minti 150 a mako da burin rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100, waɗanda aka ba metformin kuwa da kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi bakwai ɗin nan kilo shida ne da ɗoriya. Zancen taku 10,000 da waya ke nunawa kada ya dame ka, asalinsa tallan wata na'urar ƙirga taku ne a Japan a shekarun 1960.

Mataki na 7: Bakin mutane, da abokin tafiya

A garin nan mai rufin asiri ba ya tafiya a ƙasa, kuma har yanzu wasu na kallon tumbi a matsayin shaidar hutu. Don haka ka shirya. Maƙwabci zai taka birki ya zuge gilashi: "Alhaji lafiya? Ina motar? Shigo in sauke ka." 'Yan majalisar mai shayi za su ce, "Ranka ya daɗe, Pillars za a koma?" Kada ka tsaya dogon bayani. Amsa ɗaya ta isa, da fara'a: "Likita ne ya rubuta min." Ba wanda ke jayayya da wannan. Bayan mako biyu sun saba, kuma sau da yawa cikin masu tsokanar ne wani zai tare ka a gefe ya ce shi ma an ce jininsa ya hau, ƙarfe nawa kake fita?

Karɓe shi. Abokin tafiya nagari shi ne sa'anka mai irin jikinka da irin ciwonka. Ɗanka mai shekara ashirin zai yi maka nisa, ya riƙa waiwaye yana jira, ka dawo kana jin ka tsufa. Gani ya kori ji: in kana shakka ko irinka na yi, je Filin Sukuwa ko wajen tsohuwar jami'ar Bayero da safiyar Asabar ka tsaya ka kalla. Za ka ga masu furfura da masu tumbin da ya fi naka.

A titi ka bi gefen hagu, kana fuskantar abin hawa, da tufafi masu haske in da duhu. Bar babbar waya a gida, kada ka toshe kunne, kuma kada ka bi lungun da ba kowa da duku-duku. Ƙwacen waya ba labari ba ne a Kano.

Mataki na 8: Ga Hajiya da ba ta fita

Tsakar gida fili ne. Share ta, kawar da turmi, bokiti da igiyar shanya, ki sa takalmi, ki zagaya da agogo, kina juya hannu duk bayan 'yan zagaye don kada jiri ya ɗebe ki. In gidan ƙarami ne, taka a wuri ɗaya kina ɗaga gwiwa, hannu na lilo, rediyo na yi. Matattakalar bene ta farko ma ta isa: hau, sauka, kina dafe da bango. Shara, wanki da daka duk motsi ne in sun sa ki haki kaɗan, sai dai yanzu yara da 'yan aiki sun karɓe, kin koma ba da umarni daga kan kujera. Karɓo ɗaya.

In maigida ya amince, tafiya Islamiyya da ƙafa tare da maƙwabciya ta fi komai ɗorewa. Hijabin auduga mara nauyi, ba mai santsin nan da ke riƙe zafi ba.

Akwai abin da mata ba sa faɗa sai an tambaya: ɗigar fitsari in an yi sauri ko tari, musamman bayan haihuwa da yawa. Yana hana fita, yana sa shakkar tsarki. Yi fitsari kafin ki fara. Sannan ki koyi matse tsokar da kike riƙe fitsari da ita: matse, ƙirga biyar, saki, sau goma, sau uku a rana, kina zaune ko kwance, ba lokacin da kike fitsarin ba. Sai an yi watanni ana yi ake ganin canji. In bai ragu ba ki faɗa wa likitar mata, ana magance shi.

Mataki na 9: Ƙarfafa tsoka, kwana biyu a mako

Fara wannan a mako na uku ko na huɗu. Tsoka ita ce babbar mai shan sugan jini, kuma cinya mai ƙarfi ce ke ɗauke wa gwiwa nauyi.

Jingina kujera da bango. Zauna, miƙe, zauna a hankali ba faɗawa ba, sau 8 zuwa 10. In ya yi wuya, dafa cinya ko ƙara matashi. Sai ka fuskanci bango, tafin hannu a kai daidai kafaɗa, ka kai ƙirji kusa ka tura baya, sau 10. Riƙe ƙarfen taga ka yi ɗage a kan yatsu, sau 10. Ɗauki robobin ruwa, naɗe hannu zuwa kafaɗa, sau 10. Huta, ka maimaita duka sau ɗaya.

Ƙirga da baki a fili. Mai ƙirgawa ba ya iya riƙe numfashi, riƙe numfashi da yunƙuri kuwa yana harba jini sama nan take. Wanda suga ya taɓa masa ido kada ya ɗaga abu mai nauyi ko ya sunkuyar da kai ƙasa sai likitan ido ya yarda.

In gwiwa na ciwo, ka lura: ciwon da ya lafa kafin washegari ba komai, wanda ya zo da kumburi ko ya kwana biyu yana nufin ka rage rabi. Kada ka mai da diclofenac da ibuprofen abincin kullum, suna ɗaga jini suna taɓa ƙoda. Haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda ya fi muni, ba ka san abin da ke ciki ba.

Mataki na 10: Bazara, hunturu, damina, azumi

Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40. Fita kafin rana ta ɗaga ko bayan Magariba, sha ruwa kafin da bayan, ka rage mintuna ba tare da jin ka gaza ba. Masu ɗaura leda ko ɗamarar roba a ciki wai tumbi ya narke, ruwan jikinsu kawai suke zubarwa. Da hunturu, in hazo ya yi kauri, sa takunkumi ko ka yi a soro, ka shafa mai a dunduniya don kaushi kan tsage ya zama gyambo ga mai suga. Da damina lunguna kan cika da ruwan kwata, kada mai suga ya taka shi. Kowane dare ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu, ya zazzage takalmi kafin sawa.

Da azumi, ka bar tafiyar sai bayan buɗa baki da kamar awa biyu. Zuwa Tarawihi da ƙafa da tsayuwarta ma motsi ne. Mai insulin ko Daonil kada ya yi atisaye gab da Magariba, lokacin ne suga ya fi faɗuwa, kuma ya ga likita tun cikin Sha'aban a daidaita masa magani.

Mataki na 11: In ka daina, da ranar komawa awo

Za ka daina. Biki, rasuwa, zazzaɓi, tafiya Umara, wani abu zai katse ka. Wannan ba ya nufin komai ya rushe. In mako ɗaya ka rasa, koma kan mintunan makon da ya gabace shi. In ya kai wata, fara daga rabi, za ka ga ka hau da sauri fiye da farko. Kada ka yi ramuwa, ba a haɗa tafiyar kwana biyar a yi ta rana ɗaya.

Sikeli kan yi taurin kai a watannin farko, kada ka riƙa hawansa kullum. Tef ya fi shi saurin nuna canji, haka barci, haka hawa bene ba haki, haka tashi daga sujada ba dafa bango. Auna ƙugu sau ɗaya a wata. Ka kuma sani kwalbar lemo ɗaya ta kusa cinye abin da tafiyar rabin awa ta ƙona, don haka in ka dawo ruwa za ka sha.

Bayan wata uku koma asibiti da littafinka. A sake awon jini, sugan safe da kitsen jini, in da hali a yi gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan kusan wata uku. Ga mai hawan jini, tafiya a kai a kai kan sauke lambar sama da kamar 5 zuwa 8. In lambobi sun yi kyau, likita ne zai rage magani, ba kai ba. In kana yawan jin jiri ko alamar faɗuwar suga bayan ka fara tafiya, kada ka jira wata ukun, je a duba, wataƙila maganin ne ya yi maka yawa yanzu.